Matsar da ɗigo ko rubuta ma'auni: wanne ya kamata a koya wa ɗalibin kimiyya?

Ɗalibar Sakandare: Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Akwai abin da ya ɗaure mini kai a darasin awo. An koya mana cewa mita 1 daidai take da santimita 100, kuma in za a sauya mita zuwa santimita sai a matsar da ɗigo gida biyu zuwa dama. To amma littafinmu ya ce murabba'in mita 1 murabba'in santimita 10,000 ne, kubik mita 1 kuma kubik santimita 1,000,000 ne. Daga ina sauran sifilan suka fito? Mitar ai ita ce dai, ba ta canja ba. Don Allah a warware mini.

Ɗalibin Jami'a: Wa alaikumus salam ƙanwata. Abu ne mai sauƙi. In kin ga ƙaramin 2 a saman alamar, ki matsar da ɗigon gida huɗu maimakon biyu. In 3 ne, gida shida. Riƙe wannan kin gama.

Malamar Lissafi: Abin da yayanki ya faɗa zai ba ki amsa daidai a takarda, amma ba shi kika tambaya ba. Kin tambayi inda sifilan suka fito ne, kuma tambaya ce mai kyau ƙwarai.

'Yata, samo alli da rula. Zana murabba'i a daɓe, tsawonsa mita 1, faɗinsa mita 1. A kusurwarsa ki zana wani ɗan mitsitsi, santimita 1 ta kowane gefe, bai wuce girman farcen ƙaramin yatsanki ba. Irin wannan ɗan mitsitsin guda nawa za su jeru daga wannan bango zuwa wancan a layi ɗaya? 100. Amma duba abin da kika rufe: siririn layi ne kawai a bakin zanen, sauran filin yana nan fayau. Layuka nawa ake bukata kafin a rufe shi duka? 100. To 100 sau 100 shi ne 10,000.

Yanzu ɗaga zanen sama ya zama akwati mai tsayin mita 1. Shimfiɗar farko ta ƙananan kubik ta cinye 10,000, amma kaurinta santimita 1 ne kacal. Sai kin yi irin wannan shimfiɗa 100 kafin akwatin ya cika. 10,000 sau 100, miliyan ɗaya ke nan. Ki yi zanen da hannunki, kada ki tsaya a karanta bayanina. Gani ya kori ji.

Ɗalibar Sakandare: Na gode Malama. To lita fa, a ina ta shigo?

Malamar Lissafi: Lita akwati ce mai santimita 10 ta kowane gefe: 10 × 10 × 10, kubik santimita 1,000. Shi ya sa mililita 1 da kubik santimita 1 abu ɗaya ne. Irin wannan akwatin 10 ne ke jeruwa a tsawon mita, 10 a faɗi, 10 a tsayi, don haka kubik mita 1 tana ɗaukar lita 1,000. Ruwa lita 1 nauyinsa kusan kilogiram 1 ne, to kubik mita ta ruwa tan ɗaya ce cur. Ɗalibai da yawa ba sa yarda da wannan sai sun lissafa da kansu, domin akwatin mita ɗaya bai yi musu kama da abin da zai kai tan ba.

Malamin Fiziks: Bayanin Malama ya wadatar a kan faɗi da girma. Ni inda nake da ja shi ne ita kanta dabarar matsar da ɗigon. Ba na hana ta, amma ba na yarda ta zama ita ce ginshiƙi, saboda tana aiki ne kawai muddin ma'auni ɗaya ake juyawa. Ranar da aka ce a sauya kilomita 72 a awa zuwa mita a daƙiƙa, gida nawa za a matsar? Babu amsa, domin awa ba ta tafiya da goma-goma.

Abin da nake koya wa ɗalibaina shi ne ninkawa da ɗaya. Mita 1,000 da kilomita 1 tsawo ɗaya ne, don haka in ka ɗora ɗaya bisa ɗaya, abin da ka samu 1 ne. Haka awa 1 bisa daƙiƙa 3,600. Ninka kowane adadi da 1 ba ya canja shi, rigarsa kawai yake canjawa. Sai ka rubuta:

72 km/awa × (1,000 m / 1 km) × (awa 1 / 3,600 s)

km na sama ya kashe km na ƙasa, awa ta kashe awa, ka soke su da biro kamar yadda kake soke lambobi. Abin da ya rage m bisa s. Lambobin kuma 72,000 a raba da 3,600, ya ba da 20. Mita 20 a daƙiƙa.

Amfanin hanyar shi ne in ka kifar da ita, kai da kanka za ka gani. In ka sa km a sama maimakon ƙasa, babu abin da zai soku, sai ka tsinci km² a amsar gudu, ka san an yi ɓatan kai. Mai matsar da ɗigo kuwa in ya yi hagu maimakon dama, babu abin da zai tsayar da shi.

Ɗalibin Jami'a: Malam, da girmamawa, a ɗakin jarrabawa fa? Tambaya hamsin, lokaci ƙanƙane. Wanda ya tsaya rubuta wannan dogon layin a kowace tambaya ba zai kai ƙarshe ba. Ni na san a raba da 3.6 kawai, 72 ÷ 3.6 = 20, na wuce.

Malamin Fiziks: Kai ka san daga ina 3.6 ta fito, shi ya sa ba ka ruɗewa. Ɗalibin da aka ba shi 3.6 haka kawai, in hankalinsa ya tashi a jarrabawa, ba ya tuna ko ninkawa ake yi ko rabawa. Na sha ganin takardar da aka rubuta cewa motar tana gudun mita 259 a daƙiƙa. Wannan gudun jirgin sama ne. Gajeriyar hanya ta wanda ya riga ya san doguwar ce.

Ga wani misalin da 3.6 ba za ta cece ka ba. Alminiyum kowane kubik santimita nasa giram 2.7 ne. A sauya zuwa kilogiram a kubik mita. Giram zuwa kilogiram rabawa ce da 1,000, kubik santimita zuwa kubik mita kuma tana ƙasan layi, don haka ninkawa ce da 1,000,000. Amsa 2,700. Gwada wannan da matsar da ɗigo kaɗai ka ga yadda mutum ke rasa gabas.

Ɗalibar Sakandare: Bari in gwada hanyar Malam. Tanki mai tsawon mita 2, faɗin mita 1.5, zurfin santimita 80. Na fara mai da 80 cm × (1 m / 100 cm) = 0.8 m. Sai 2 × 1.5 × 0.8 = 2.4 m³. Sau 1,000, lita 2,400. Haka ne?

Malamar Lissafi: Haka ne. Kuma kin yi abin da ya fi muhimmanci: kin mai da duka ukun ma'auni ɗaya kafin ki ninka.

Malamin Kemistiri: A wajenmu matsalar ta fi fitowa a wurare biyu. Na farko, bututun awo na ɗakin gwaje-gwaje yana ba da kubik santimita, ƙarfin ruwan sinadari kuma ana rubuta shi da mol (ma'aunin yawan sinadari) a kubik desimita (dm³), wato a lita. Ɗalibi ya ɗebi 25 cm³ na ruwan da ƙarfinsa 0.1 mol/dm³, sai ya ninka 25 da 0.1 ya ce mol 2.5. Gaskiyar ita ce 0.025 dm³ sau 0.1, mol 0.0025. Kuskuren ninki dubu ne. Da ya rubuta cm³ da dm³ kusa da juna, da ya ga ba sa sokuwa.

Na biyu zafi. Wannan ba ya ma bin ƙa'idar ninkawa, ƙari ake yi: kelbin shi ne digirin Salshiyas a ƙara 273.15. A tambayi ɗalibi, an ɗumama iskar gas daga digiri 27 zuwa 54, matsinta bai canja ba, yaya girmanta zai zama? Sai ya ce ya ninka biyu, tunda 54 ninkin 27 ne. A kelbin kuwa daga 300 ne zuwa 327, ƙarin kashi 9 cikin ɗari kawai. Dalili shi ne sifilin Salshiyas wurin daskarewar ruwa ne, ba wurin da zafi ya ƙare ba. Sifilin kelbin shi ne ƙarshen sanyi, ba a iya yin ƙasa da shi, kuma daga can dokokin gas suke fara ƙidaya.

Tsohon Injiniya: Ina bin maganar nan tun farko, kuma ina so yaran nan su san abin bai tsaya a maki ba.

A ranar 23 ga Satumba 1999 hukumar NASA ta Amurka ta rasa kumbonta Mars Climate Orbiter, bayan ya yi fiye da wata tara yana tafiya zuwa duniyar Mars. Manhajar da kamfanin Lockheed Martin ya rubuta tana fitar da ƙarfin tunkuɗar ƙananan injunan kumbon da ma'aunin fam, masu lissafin hanyarsa kuma suna karanta lambobin a matsayin niyuton. Fam ɗaya na ƙarfi niyuton 4.45 ne. Kowace 'yar gyarar hanya da aka lissafa tana ɗauke da wannan giɓin, yana taruwa a hankali, har kumbon ya kusanci Mars da wajen kilomita 57, ƙasa da inda zai iya tsira. Daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ƙwararru ne fa, ba su kasa lissafi ba. Lamba ce ta tashi daga hannu zuwa hannu ba tare da an tabbatar da ma'auninta ba.

Kafin wannan, a watan Yuli 1983, jirgin Air Canada samfurin Boeing 767 ya tashi daga Montreal zai je Edmonton. Lokacin Kanada tana cikin komawa tsarin mita, wannan jirgin kuma da kilogiram ake lissafa mansa. Ma'aunin mai na jirgin ba ya aiki, sai aka auna da sanda aka samu lita, aka juya ta da 1.77, wanda fam ne a kowace lita, maimakon wajen 0.8, kilogiram a lita. Ana bukatar kilogiram 22,300, aka tashi da abin da bai kai rabinsa ba. Injuna biyun suka mutu a sararin sama. Allah ya sa matuƙin ya iya tuƙa jirgi marar inji, ya lallaɓa ya sauke shi a wani tsohon filin jirgin soja a Gimli, babu wanda ya rasa ransa.

Ɗalibin Jami'a: Baba, labaran nan biyu masu tayar da hankali ne, amma duka haɗa tsari biyu aka yi, na fam da na kilogiram. Wanda ya tsaya a tsarin mita kaɗai ai bai shiga wannan haɗarin ba.

Ma'aikaciyar Jinya: Ƙanena, ba haka ba ne. Mu a tsarin mita kaɗai muke aiki, kuma nan ne muka fi taka-tsantsan. Tsakanin miligiram da maikirogiram ninki 1,000 ne, alhali a rubutun hannu mg da µg sun yi kama sosai, shi ya sa wurare da yawa suka gwammace a rubuta mcg ko a rubuta kalmar a cike. Akwai magungunan da ake bayarwa da maikirogiram. 0.5 mg shi ne 500 mcg. Wanda ya karanta 500 ɗin a matsayin miligiram ya ba da ninki dubu.

Shi kansa ɗigon abin tsoro ne. Ana horar da mu kada mu rubuta .5, sai 0.5, domin in ɗigon bai fito ba sai a karanta 5. Kada kuma mu rubuta 5.0, sai 5, domin kada a karanta 50. Maganin yara kuma da nauyin jiki ake lissafa shi, miligiram kaza a kowane kilogiram, sannan a sake juya shi zuwa mililita gwargwadon ƙarfin ruwan maganin. Ni kam kowane mataki sai na rubuta ma'auninsa, in soke, kamar yadda Malam ya nuna. Kuma in na gama sai na dubi amsar in tambayi kaina ko ta yi kama da abin da ake ba yaro.

Malamin Fiziks: Wannan jimlar taki ta ƙarshe ita nake roƙon ɗalibai su ɗauka. Kalkuleta ba ta san mota ba, ba ta san yaro ba. Kowa ya riƙe wasu awo a kansa da zai riƙa gwada amsa da su: ƙofar ɗaki wajen mita 2 ce, mutum yana tafiyar ƙafa wajen kilomita 5 a awa, zafin jikin mai lafiya wajen digiri 37, sauti yana tafiya wajen mita 340 a daƙiƙa a cikin iska.

Ɗan Aji Huɗu: Malam ni tambayata daban ce. Wa ya yanke cewa mita ga tsawonta? Me ya sa ba ta fi haka ba ko ta gaza haka?

Malamin Fiziks: Ɗana, tambayarka tana da tarihi. A Faransa aka fara, lokacin juyin juya halinsu, sa'ad da kusan kowane yanki yake da nasa awon. A 1791 masanan ƙasar suka ba da shawarar a ɗauki tsawon daga jikin duniya, don kada ya zama mallakar wani sarki: a raba nisan da ke tsakanin ƙuryar arewa ta duniya da layin da ya raba ta biyu gida miliyan 10, kashi ɗaya shi ne mita. Masana taurari biyu, Delambre da Méchain, suka shafe daga 1792 zuwa 1798 suna auna nisan Dunkirk zuwa Barcelona don a lissafa sauran. A 1799 aka ƙera sandar filatinam aka ce ga mita. Daga baya an gano ta gaza abin da aka nufa da wajen milimita 0.2, amma aka bar ta a haka. Shi ya sa har yau kewayen duniya yake kusan kilomita 40,000.

Ranar 20 ga Mayu 1875 ƙasashe 17 suka sa hannu a yarjejeniyar mita a Paris, aka kafa ofishin awo na duniya a Sèvres. A 1960 aka tsara abin da muke kira SI, wato tsarin awo na duniya, wanda yanzu yake da tushe bakwai: mita, kilogiram, daƙiƙa, ampiya, kelbin, mol da kandela. Amma sanda tana iya lalacewa, don haka aka yi ta neman abin da ba ya canjawa. Tun 1983 mita ita ce nisan da haske yake ci a sararin da babu komai cikin kashi ɗaya bisa 299,792,458 na daƙiƙa. Daƙiƙa kuma tun 1967 da kaɗawar ƙwayar zarra ta siziyam-133 ake ƙidaya ta, sau 9,192,631,770.

Kilogiram ne ya fi daɗewa a jikin ƙarfe. Daga 1889 wani ɗan dunƙulen filatinam da iridiyam, tsayinsa wajen milimita 39, yana kulle a Sèvres, shi ne kilogiram na duniya duka. Da aka riƙa gwada shi da kwafe-kwafensa sai aka ga sun soma saɓawa da gomman maikirogiram. A Nuwamba 2018 aka kaɗa ƙuri'a, daga 20 ga Mayu 2019 aka ɗaure kilogiram a kan adadin Planck, wani adadi na fiziks da ba ya canjawa. Nauyin bai canja wa kowa ba, abin da aka dogara da shi ne ya canja.

Ɗan Aji Huɗu: To tunda komai goma-goma ne, me ya hana awa ta zama minti 100?

Tsohon Injiniya: An gwada, jikana. A 1793 Faransa ta raba yini awa 10, kowace awa minti 100, kowane minti daƙiƙa 100. Har agogunan aka ƙera. Mutane ba su karɓa ba, a 1795 aka janye tilascin. Ƙidayar sittin-sittin ta fi tsarin mita tsufa nesa ba kusa ba, tun Babila take, kuma 60 tana rabuwa da 2, 3, 4, 5 da 6 ba saura.

Malamar Lissafi: Kuma nan ma akwai rami. Awa 2.25 ba awa 2 da minti 25 ba ce, awa 2 da minti 15 ce, domin 0.25 rubu'in 60 ne. Minti 90 kuma awa 1.5 ne, ba 0.9 ba.

Ɗalibin Jami'a: Na yarda a rubuta ma'auni, musamman bayan abin da Anti ma'aikaciyar jinya ta faɗa. Amma har yanzu ina kan bakana cewa akwai abin da dole a haddace. Hanyar Malam ba za ta gaya maka maikiro nawa ne a mili ba. In ba ka san kilo 1,000 ne, mega miliyan, giga biliyan, mili kashi ɗaya cikin 1,000, maikiro cikin miliyan, nano cikin biliyan ba, me za ka sa a cikin bakan?

Malamin Fiziks: Wannan gaskiya ne, ban taɓa musa shi ba. Waɗannan shida da santi sun ishi ɗan sakandare. A kula da girman harafi kuma: ƙaramin m mili ne, babban M mega, tsakanin mW da MW ninki biliyan ne. Kilo ƙaramin k ne, babban K na kelbin ne.

Malamar Lissafi: Ni a nan na ɗan saɓa wa Malam. Yaron da bai ƙware a lissafin sama-da-ƙasa ba, in ka fara masa da sokewa, sabuwar hadda ka ba shi kawai, zai riƙa soke haruffa bai san dalili ba. Na fi son ya fara da rula da kofin awo, ya auna teburinsa da santimita ya sake aunawa da milimita, ya ga da idonsa cewa in ma'auni ya ƙanƙance lambar girma take yi. Wanda ya san wannan ba zai matsar da ɗigo ta inda bai dace ba. Sokewa ta biyo baya, lokacin da ma'auni biyu suka fara haɗuwa.

Malamin Fiziks: In dai za ta biyo bayan da gaske, ba ni da ja. Abin da nake gani shi ne sau da yawa ba ta zuwa, sai ɗalibi ya iso ajina da ɗigo kaɗai a hannunsa.

Ɗalibar Sakandare: Malamin Kemistiri, saura tambaya ɗaya. An ce ruwa kilogiram 2 ya tashi daga digiri 20 zuwa 30, a nemo zafin da ya sha, kuma an ba mu 4,200 J/(kg K), wato jul 4,200 na zafi ne ke ɗaga kilogiram 1 na ruwa da kelbin 1. Tunda akwai K a ciki, zan ƙara 273 a kan 10 ɗin ne?

Malamin Kemistiri: A'a 'yata, kada ki ƙara. Juya kowanne daban ki gani: 20 ya zama 293, 30 ya zama 303, tsakaninsu 10 ne dai. Takun kelbin da takun digirin Salshiyas girmansu ɗaya, wurin farawa ne ya bambanta, don haka in tazara ake nema 273 ɗin tana ficewa da kanta. Sai ki ninka 2 × 4,200 × 10, kg ya soke kg, K ya soke K, ya bar J. Jul 84,000, ko kilojul 84.